Gwiwar Inna Iyatu da Hannun Surukanta

Shekara goma sha ɗaya da sauke tutar Faransa, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahome, gwamnati kuma tana sauyawa a Kwatano kamar zanen amarya a satin biki, akwai gida guda a Jugu, unguwar Wangara, wanda mulkinsa bai taɓa ko girgiza ba. Gidan Inna Iyatu mai goro ke nan.

Kakanninta fataken Gwanja ne, irin waɗanda suka sauke jakuna a Jugu da niyyar kwana uku, suka yi shekara ɗari. Mijinta ya rasu ya bar mata zauren goro, da 'ya'ya maza biyu, da 'yar auta Memuna wadda aka kai aure Paraku. Babban ɗan, Bilya, shi ke bin kaya, matarsa Turai. Ƙaninsa yana rumfar kasuwa, matarsa Fatimatu. To waɗannan surukai biyu, Allah ya yi musu albarka, su ne suka kusa gurgunta tsohuwar, kuma ba da mugunta ba. Da ladabi.

Don a gidan nan Inna ba ta ɗaga abin da ya fi ƙwayar goro nauyi. In ta kalli buta, buta ta zo. In ta yi gyaran murya, ga ruwa a moɗa. In ta miƙa hannu wajen mafici, hannu huɗu sun riga ta. Ba ita ta sa doka ba, haka aka tarar a gidajen fatake: uwar gida ta ci wuyarta tun tana amarya, yanzu lokacin hutu ne. Surukar da aka gani tsaye uwar mijinta tana sunkuye, kafin la'asar sunanta ya kai bakin rijiya, kafin magariba ya kai gidan iyayenta.

Ranar da abin ya faru ranar wankin goro ce. An baza jiƙaƙƙen ganyen naɗi a tsakar gida, Turai ta shiga ɗauko kwando, Fatimatu tana bakin murhu. Sai ga akuyar maƙwabta, wata baƙa mai ƙaho ɗaya, ta shigo ba sallama ta zura baki a kwandon marsa, manyan fararen goro da ake ware wa biki. Inna ta ce, "Kur!" Akuya ta kalle ta, ta ci gaba. A karo na farko cikin shekara goma Inna ta miƙe da kanta, ta yi taku biyu, na uku ya sauka kan ganye. Ji kake tim. Gwiwar dama ta daki dutsen wanki, ƙoƙon gwiwa ya tsage. Akuya ta gama abin da ya kawo ta, ta fita a hankali.

Aka kira Jatau maɗori. Ya shafa, ya tofa, ya jera karare ya ɗaure tun daga cinya har idon sahu, ya ce kwana arba'in kada ta motsa. Wa zai bar ta ma ta motsa? Ƙashi kam ya haɗe, wannan ba a raina wa Jatau ba. Amma da aka kwance ɗaurin, sai ƙafa ta tsaya ƙiƙam kamar tabarya, ta ƙi lanƙwasuwa, cinya kuma ta tsotse kamar an matse lemo. Salla ma sai a zaune, ƙafa ɗaya a miƙe gaba kamar bindigar soja.

Da a wani lokaci ne, da Inna ta ce haka Allah ya so, ta ci gaba da cin goronta. Amma Memuna tana da ciki wata biyar, kuma na fari. Kowa ya san cikin fari a gidan uwa ake sauke shi. In ya kai wata takwas a je a ɗauko yarinya, uwa ta dafa ruwan jego, ta yi mata wanka safe da yamma har kwana arba'in, ta zauna a 'yar kujera ta ɗora jariri a kan ƙafafunta ta cuɗa shi. Memuna auta ce, ba ɗiyar fari ba balle a yi kunyarta. Ita ce Inna take kira da sunanta, ita take ɓoye wa ƙashin miya tun tana rarrafe. Tun ranar da labarin cikin ya zo Inna ta sa aka fara tara itace a bayan ɗaki, ta sayi kanwa, ta sa aka toshe kafar babbar tukunya.

Sai ga Hajo ta zo dubiya daga Paraku.

Hajo ita ce uwar mijin Memuna. Kuma taubashiyar Inna ce, uban wannan da uwar waccan ciki ɗaya, saboda haka tun suna 'yan mata ba su taɓa gaisawa ba sai da tsiya a ciki. Ta shigo, ta tsaya, ta dubi ƙafar tun daga sama har ƙasa kamar mai tayin rago.

"Sannu, gurguwa. An ce akuya ce ta kayar da ke? Ashe har yanzu dangi ba su bar faɗa da juna ba."

"Zauna, mai baƙin baki, a ba ki ruwa. Ƙurar hanya ta ƙara miki muni."

Hajo ta sha ruwa, ta ɓare goron da aka ba ta, sannan ta sauke abin da ya kawo ta.

"Na ga itace a baya. Na me?"

"Kin fi kowa sani."

"Haba Iyatu. Wa zai ba ki mai ciki? Ki yi wankan jego da ƙafa ɗaya kamar zalɓe? Ki zame ki faɗa tukunya a ce jikana ya zo da rashin sa'a? Yarinya tana hannuna a unguwarmu Albarika, ni ma na iya dafa ruwa."

"'Yata ce."

"Jikana ne. Amma kada ki ce na zalunce ki. Ranar da kika tsuguna gaban murhu, kika hura wuta, kika tashi da kanki ba hannun kowa a jikinki, ki zo ki ɗauki 'yarki. In wata takwas ya cika ba ki yi ba, to ki aiko min da kanwar, kada ta lalace."

Ran nan Inna ba ta ci tuwon rana ba. Da yamma ta kira Bilya ta ce ya nemo mota, asibitin Paraku za ta.

Gaban mota bai ɗauki ƙafar ba. Sai aka ɗora ta a bayan kamyo, babbar motar kaya, bisa huhunan goro, Turai na riƙe da ita, ƙafa ta leƙo ta tsakanin katako tana gaisawa da kowane ƙauye har Paraku.

Likita ya ɗauki hoton ƙashi, ya ce shi kam ba shi da aiki a nan, ya tura su wani ɗaki a ƙarshen baranda, wurin Madam Bake. Masu boko na ce mata kine, mutanen gari na ce mata mai tausar asibiti. 'Yar Bargu ce, gajera, mai faɗin kafaɗa, ta yi karatu a Dakar ta dawo da Hausar kasuwa da ba ta san kara ba. Inna ta leƙa ɗakin ta ga ba kwalba, ba allura. Gado ne mai tauri kamar benci, da jakunkunan yashi, da igiya a kan ƙugiya, da wani keke marar ƙafa da ba ya zuwa ko'ina.

"'Yar nan, ina pikir ɗin?"

"Babu allura a nan, Inna."

"To ina maganin?"

"Yana cikin ƙafarki. Ni fito da shi zan yi."

"Ka ji! Kakanninku sun tare namu a hanyar Gwanja sun ƙwace musu goro, ke kuma kin tare ni kin hana ni allura."

"Goron ya ƙare tuni, Inna, ko guda ban samu ba. Miƙo ƙafar."

Madam ta zaro ma'auni irin na tela ta zagaya cinya mai lafiya, ta zagaya marar lafiya. Bambancin yatsa huɗu ne. Ta ɗora wani ƙarfe mai kama da almakashi a gefen gwiwa, ta danna ƙafar baya har Inna ta ambaci sunan waliyyai uku. Sannan ta zauna ta yi bayani.

"Ƙashi ya warke. Amma naman cinya ya kwana arba'in ba aiki, ya yi barci, gwiwa kuma ta ƙage. Ke 'yar fatake ce: jakin da ya daɗe a turke, ranar farko ana ɗora masa huhu biyu?"

"Sai mahaukaci."

"Bon. Da kaɗan-kaɗan za mu tashe shi."

Ta koya mata abu uku. A ɗora tawul mai ɗumi tukuna. Sai ta kwanta, a nannaɗe zane a ƙarƙashin gwiwa, ta danne shi har cinya ta yi tauri. Sai ta ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi ɗaya daga gado, ta riƙe, ta sauke a hankali. Sai ta zauna bakin gado ta jawo diddige baya iya inda zai je. Kowanne talatin da safe, talatin da yamma. Bayan sati biyu a ɗaura jakar yashi a idon sahu.

"Gwada in gani. Ɗaga."

Inna ta cije leɓe, ta yi nishi, gumi ya keto mata. Ƙafa ta tashi sau uku, tana rawa kamar ɗan maraƙi sabon haihuwa. A kusurwar ɗaki Turai ta rufe fuska da gyale tana kuka. Madam ta ɗauka tausayi ne. Ba ta san kunya ce ba.

Washegari da safe a Jugu, Inna ta kwanta a tabarma za ta fara. Tana yin nishin farko, Turai da Fatimatu suka zube a gabanta.

"Inna, so kike a zage mu a gari?" in ji Turai. "Muna raye, da hannuwanmu, ki riƙa ɗaga ƙafa da kanki kamar wadda ba ta haifa ba?"

"Madam ta ce talatin."

"Za ta sami talatin ɗinta, har da gyara," in ji Fatimatu.

Aka kai magana gaban Bilya, shi da ya san ciniki. Ya shafa gemu ya ce, "Inna, in huhu zai tafi Kandi, mai kaya ne ke ɗauka ko ɗan dako? Abin da ake tambaya, kaya ya isa ko bai isa ba. Ƙafa ta tashi talatin, ta tashi talatin."

Maganar ta shiga kunnen Inna da daɗi, don ita ma cinyar tana mata zogi tun jiya. Ta gyara matashi, ta ɗauki carbi, ta ce, "To ku yi a hankali."

Ai kuwa aka yi aiki a gidan nan. Turai ta ɗaga talatin, Fatimatu ta ce ita ba a fi ta ba ta ɗaga arba'in. Sati bai zagayo ba sun kai ɗari da safe, ɗari da yamma. Da lokacin jakar yashi ya yi suka ce guda ɗaya raini ne ga mace kamar Inna, suka ɗinka biyu. Inna na kwance tana tauna goro tana jan carbi, ƙafa na hawa tana sauka kamar guga a rijiya. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo suna sa albarka. Har matar limamin unguwa ta roƙi a bar ta ta ɗaga sau uku ita ma, kada ladan ya wuce ta.

Wata ya cika suka koma Paraku, wannan karon da surukan duka biyu, kowacce da sabon zane, don an san yabo za a sha.

Madam Bake ta zagaya ma'auni a cinya. Ta kwance, ta sake zagayawa. Ta goge tabaranta ta kuma.

"Ta ragu da yatsa ɗaya. Inna, kin yi abin da na ce?"

"Har da ƙari. Ɗari-ɗari."

"Ɗari? Ɗaga in gani."

Kafin Inna ta ja numfashi, hannu huɗu sun shiga ƙarƙashin ƙafar, sun ɗaga ta sama sumul, sun riƙe, sun sauke a hankali yadda aka koyar. Suka dubi Madam suna murmushi.

Madam ta dubi hannayen, ta dubi Inna. Can ta ce, "Ku sake ɗagawa. Yauwa. To ku saki."

Suka saki. Ƙafa ta faɗo kan gado kamar itacen girki.

Madam ta juya ta kamo hannun Turai, ta ture gyale, ta zagaya ma'auni a dantsenta. Dantsen nan ya murɗe kamar na mai sussuka. Ta taɓa na Fatimatu, ya fi.

"Wala!" in ji ta da Faransanci. "Ga maganina inda ya tafi. Na ba tsohuwa magani, matasa sun shanye." Ta dubi Turai. "Ke, in kin ci tuwo, Inna ce ke ƙoshi?"

Turai ta sunkuyar da kai. "In Inna ta ce ta ƙoshi, ta ƙoshi."

Madam ta kama kai da hannu biyu, ta yi wata magana da Faransanci wadda Bilya ya ƙi fassarawa. Sannan ta jawo kujera kusa da gado, ta sassauta murya.

"Inna, lanƙwasawar ta ƙaru kaɗan, wannan sun taimaka. Amma ƙarfi ba a yi wa mutum dakonsa. Naman da ya yi aikin, shi ke girma. Me kike so ƙafar nan ta yi miki?"

Inna ta faɗa mata. Murhu, tukunya, Memuna, da sati shida da suka rage.

"Sati shida zai iya, in ke kika yi. Amma in kin koma gidanki, waɗannan za su bar ki?"

Surukan suka kalli ƙasa. Su kansu sun san ba za su iya ba.

"To akwai wani gida a duniyar nan da ba a ganin girmanki?"

Bilya ya yi tari, ya dubi rufi, ya ce a hankali, "Akwai na Gwaggo Hajo."

Haka Inna Iyatu, wadda ba ta taɓa kwana gidan suruki ba, ta sauka a Albarika da sunan ta zo wurin 'yar'uwa. Memuna ta yi murna har da hawaye, amma Madam ta riga ta ja mata kunne: ko zare kada ta miƙa wa uwarta. Hajo kuwa, sai ka ce an ba ta kujerar Makka.

"Ga buta can gindin mangwaro, gurguwa. A Paraku buta ba ta da ƙafa."

"Allah ya isa."

"Amin. In kin dawo ki ɗauko min tsintsiya, tana hanyarki."

Inna ta ajiye carbi, don ta sami abin ƙirga da ya fi shi. Kowace ɗagawa, aibin Hajo guda. "Ɗaya, rowa. Biyu, tuwonta gudaji. Uku, ta ari zanena ranar sunan Bilya ta mai da shi da ƙuna. Huɗu, minshari." Ba ta taɓa rasa talatin ba, wani lokaci har ta zarce ba ta sani ba. Duk bayan kwana uku ta dogara sanda zuwa asibiti, Madam ta gasa gwiwar da tawul, ta danna ta baya, Inna ta yi ihu, a hau keken nan marar zuwa ko'ina. Sati biyu, cinya ta ciko da yatsa ɗaya da rabi. Sati uku, ta zauna bakin gado tafin ƙafarta ya taɓa ƙasa daidai kamar na kowa.

Kuskuren da aka yi shi ne ranar da Hajo ta raka ta asibiti don ta ji ihun da kunnenta. Madam ta gama awo, ta yi murmushi, ta nuna Hajo.

"Inna, ki gode wa wannan baiwar Allah. Rashin tausayinta ne ke warkar da ke. In ta ci gaba a haka, ranar nan za ki tashi tsaf."

Hajo ba ta yi dariya ba. Duk hanyar gida ba ta yi tsiya ko ɗaya ba.

Washegari da sassafe Inna ta buɗe ido ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta: Hajo a durƙushe bakin ƙofa, da buta a hannu.

"Yaya Iyatu, an tashi lafiya? Ga ruwan alwala, na ɗumama. Kada ki motsa, Yaya. Na yi tunani, na ga ban kyauta ba. Babba babba ne."

Aka kawo darduma, aka kawo matashi biyu. Aka kawo koko da ƙosai har bakin gado. Wasu mata biyu na maƙwabta suka zo, ɗaya da mafici, ɗaya ta zauna wajen ƙafa. Jakar yashi ta ɓace, wai an kai ta shanya. Da Inna ta yunƙura za ta ɗaga ƙafa, Hajo da kanta ta tallabe ta.

"Haba Yaya, ina raye?"

To gaskiya dai a faɗe ta: Inna ta ji daɗi. Sati uku tana fama kamar baiwa, jikinta duk tsami, ga taushin matashi, ga iska, ga kuma Hajo, Hajo fa, tana ce mata Yaya. Ta ce a ranta yau ɗaya dai ba za ta kashe kowa ba. Yau ɗaya ta zama kwana biyu, ta zama uku.

Rana ta huɗu tana kwance ana yi mata fifita, sai ta ji ana jibge abu a waje. Ta leƙa ta taga. Itace ne, kaya guda, ana jerawa a jikin katanga. Gefe kuma ga Hajo zaune tana kankare wata ƙatuwar tukunya da toka, tana 'yar waƙa.

Inna ta dubi ƙafarta a kan cinyar matar maƙwabta. Ta karɓi maficin kamar za ta duba saƙarsa, ta sauke wa matar shi a bayan hannu.

"Sakar min ƙafa!"

Daga ranar aka buɗe yaƙi, irin wanda Albarika ba ta taɓa gani ba: ɗaya tana kai hari da hidima, ɗaya tana karewa da mafici. Hajo ta kawo ruwa, Inna ta zubar ta je ta ɗebo nata. Hajo ta durƙusa, Inna ta ce, "Tashi, munafuka, na girme ki da wata biyu ne kawai, kuma shekara sittin kina musu." Yashi ya ƙi dawowa daga shanya, sai ta ƙulla mudun gero a tsohon kallabi ta ɗaura a idon sahu. Da suka ƙi barinta ta kwanta ita kaɗai, sai ta ɗauki tabarma da geronta ta shige makewayi, wuri guda da ladabi ba ya bin mutum. Hajo ta tsaya a waje tana ƙwanƙwasa langa-langa.

"Yaya, lafiya? Kin daɗe."

"Lafiya lau. Ashirin da biyu, makirci!"

Ranar da cikin Memuna ya cika wata takwas, Bilya ya iso da mota, da Turai da Fatimatu. Madam Bake ma ta zo a kan mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinta, ta ce ba aiki ya kawo ta ba, kallo. Matan unguwa suka cika tsakar gida. Kafin a fara Madam ta zaunar da surukan a tabarma, ta ce kowacce ta zauna kan hannuwanta. Suka zauna a kai kuwa, kamar kaji kan ƙwai.

Inna ta jingine sanda. Ta taka zuwa murhu, tana ɗan ɗingishi. Ta tsaya, ta yi bisimilla, ta fara sauka. Gwiwa ta ce ƙaras, mata suka ce wayyo. Ta sauka, ta sauka, har ta tsuguna, ƙafar dama ɗan gaba kaɗan. Ta gyara itace, ta hura, ta kuma hurawa, wuta ta kama.

Sai tashi. Ta yunƙura, ta taso kamar taƙi biyu, ta tsaya cak. Ba sama, ba ƙasa. Cinya na rawa, gumi na ɗiga daga haɓarta cikin toka.

Nan Hajo ta jefa makaminta na ƙarshe. Ta tafa hannu ta juya ga surukan.

"Innalillahi! Ku 'ya'yan wane gida ne? Uwar mazajenku za ta faɗa wuta kuna zaune kuna kallo? Haka aka yi muku tarbiyya a Jugu? Ku kama ta mana!"

Fatimatu ta zaro hannu ɗaya. Turai ta riga ta ɗago gwiwa. Hawaye shaɓe-shaɓe a fuskokinsu, don wannan zagi ne da zai bi su har jikoki.

"Wadda ta taɓa ni," in ji Inna, murya na fita da ƙyar ta tsakanin haƙora, "ban yafe ba duniya da lahira."

Fatimatu ta mayar da hannun ƙarƙashinta. Turai ta koma ta zauna, ta rufe ido tana salati.

Inna ta ɗora tafin hannu a kan gwiwarta ta hagu.

"Hannu!" in ji Hajo. "An ce ba hannu!"

"Kin ce hannun kowa. Wannan nawa ne, da shi na zo duniya."

Ta danna, ta yi wani nishi da ya kori kaji daga gindin turmi, ta miƙe. Ta tsaya a kan ƙafafunta biyu, kallabi ya zame gefe, toka a zane, tana haki. Guɗa ta tashi. Madam ta ce, "Wala," ta goge tabarau da bakin rigarta. Memuna ta zo ta rungume uwarta iya inda ciki ya bari.

Hajo ta taɓe baki, ta shige ɗaki. Aka ɗauka fushi ne. Sai ga ta ta fito da ƙullin kayanta a ka, ɗaurarre tsaf, da gani ba yau aka ɗaure shi ba.

"Bilya, a sa min wuri a gaba. Na ce ta ɗauki 'yarta, ban ce ta ɗauke ta ita kaɗai ba."

Sati biyar bayan haka Memuna ta sauka lafiya a Jugu, mace, mai gashi da ƙarar murya. Gwiwar Inna ba ta koma kamar da ba. In hadari ya haɗo takan yi tsami, zaman tahiya kuma sai ta ɗan karkata. Amma da hantsin ranar ita ta tsuguna ta hura wutar, ita ta yi wa Memuna wanka, sannan ta zauna a 'yar kujera, ta miƙe ƙafafu, aka ɗora mata jikarta a kai. Hajo na tsaye a gefe da ƙwarya, tana ba da shawarar da ba wanda ya tambaye ta.

Inna ta tsoma gwiwar hannu a ruwan, ta cire.

"Ya yi zafi. Hajo, ƙaro na sanyi kaɗan."

"Ni baiwarki ce?"

"Kaɗan na ce. Yarinya na jira."

Hajo ta yi tsaki, ta sunkuya ta zuba.